Gasar Sanin Ƙwaƙwalwa: Asalinta da Yadda Ake Shirya Ta



Akwai wani abu da muka sha gani a zagayen da muke yi cikin makarantu. Ana tsakiyar darasi, sai yaro ya yanke jiki ya faɗi. Jikinsa yana karkarwa, kumfa tana fita daga bakinsa. Nan take aji ya watse. Kowa ya ja da baya, domin an ce duk wanda yawun ya taɓa, shi ma ya kamu. Washegari sai a aika wa uban yaron cewa ya riƙe ɗansa a gida. Karatu ya ƙare ke nan. In yarinya ce, idan ta girma samun miji ya zama da wuya.

Wannan yaro farfaɗiya gare shi. Farfaɗiya ciwo ne na ƙwaƙwalwa. Ba a ɗaukarta ta yawu, ko ta numfashi, ko ta taɓa jiki. Kuma tana da magani a gidan likita. Da ƴan ajin sun san haka, da ba su gudu ba, da kuma yaron bai rasa karatunsa ba. Gaskiyar Hausawa da suka ce rashin sani ya fi dare duhu.

To, ta wace hanya wannan sani zai shiga kan yara da iyayensu? Hanyoyin suna da yawa. Yau za mu yi bayanin ɗaya daga cikinsu, wato gasar tambaya da amsa a kan ƙwaƙwalwa. Za mu faɗi inda ta samo asali, da abin da ake tambaya a cikinta, da yadda makaranta ko cibiyar karatu za ta shirya irinta da ɗan abin da ke hannunta.

Inda gasar ta samo asali

A ƙasar Amurka akwai wani birni mai suna Baltimo. A jami'ar jihar Marilan da ke wannan birni, wani malami mai binciken ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, Dokta Norbert Myslinski, ya kafa wata gasa a shekarar 1998. Sunanta Brain Bee. Kalma ta farko tana nufin ƙwaƙwalwa. Ta biyu kuwa suna ne da Amurkawa suke ba irin wannan taro na gwada sani tsakanin yara.

Dalilinsa shi ne wannan: cututtukan ƙwaƙwalwa suna da yawa, masu neman maganinsu ba su isa ba. Ya ga cewa idan aka sa wa matasa sha'awar wannan ilimi tun suna ƙanana, wasu daga cikinsu za su zama likitoci da masu bincike. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Gasar ta fara a Arewacin Amurka, sannan ta bazu. Yau ana yin ta a ƙasashe fiye da 30. Ɗalibai masu shekara 13 zuwa 19 ne suke shiga. Tana da hawa 3. Hawa na farko, gasar gari. Wanda ya ci ta gari sai ya tafi gasar ƙasa. Wanda ya ci ta ƙasa, shi kaɗai zai wakilci ƙasarsa a gasar duniya.

A shekarun baya akan haɗa gasar duniya da wani babban taro na masana, domin yaran su ga manyan malamai ido da ido. A shekarar 2012 an yi ta a birnin Kef Tawun na Afirka ta Kudu. A 2016 an yi ta a Kofanhagan ta ƙasar Danmak, a 2018 a Balin ta Jamus, a 2019 a Degu ta Koriya ta Kudu. Da annobar korona ta hana tafiye-tafiye, sai aka yi ta 2021 ta hanyar intanet, kowane ɗalibi yana zaune a ƙasarsa.

Yadda ake gwada ɗalibai a gasar duniya

Gwajin ba iri ɗaya ba ne. Akwai jarrabawa a rubuce. Akwai gwajin gane sassa: a nuna wa ɗalibi ƙwaƙwalwa ta gaske ko hotonta, an sa alama a wani wuri, a ce ya faɗi sunan wurin da aikinsa. Akwai duban ƙananan ƙwayoyin jiki, irin waɗanda sai da madubin likita ake ganinsu. Akwai kuma gwajin gane ciwo: wani mutum ya kwaikwayi mara lafiya, ya faɗi abin da yake ji, ɗalibi ya yi tunani ya faɗi ciwon. Daga ƙarshe sai tambayoyin baka a gaban alƙalai da jama'a.

Ba a tambayar yaro abin da ba a nuna masa inda zai karanta ba. Tun kafin gasa ake faɗa wa ɗalibai littafin da za a ciro tambayoyi daga ciki. A Amurka akan yi amfani da wani ƙaramin littafi mai suna Brain Facts, wanda ƙungiyar masana ƙwaƙwalwa ta can ta wallafa, kuma ana samunsa kyauta. Wannan ƙa'ida ce mai kyau, kuma ita ce ta farko da ya kamata mu ɗauka.

Mu ba mu da ɗakin bincike a kowane gari. Amma gasa irin wannan ba ta dogara ga manyan kaya ba. Abin da take bukata shi ne darasi na gaskiya, tambayoyi masu kyau, da alƙalai masu adalci. Bari mu fara da darasin.

Darasi na 1: ƙwaƙwalwa da aikinta

Ƙwaƙwalwar babban mutum tana da nauyin kilo 1 da giram 300 zuwa 400. Kashi 2 ne kawai cikin 100 na nauyin jiki. Amma tana cin wajen kashi 20 cikin 100 na ƙarfin da jiki yake samu daga abinci. Shi ya sa yaron da ya zo aji da yunwa ba ya fahimtar darasi sosai.

Ƙwaƙwalwa tana da taushi. Abubuwa 3 ne suke tsaronta: ƙoƙon kai, da tantani mai hawa 3 da ya lulluɓe ta, da wani ruwa da take kwance a cikinsa.

A cikinta akwai ƙananan ƙwayoyi masu aika saƙo. Yawansu ya kai wajen miliyan dubu 86. Kowace ƙwaya tana da rassa kamar saiwar itace, kuma da su take mu'amala da ƴan uwanta. Saƙon yana tafiya ne da ɗan ƙarfin lantarki da wasu sinadarai.

A nan sai mu lura da wata kalma. A Hausa, jijiya tana da ma'ana da yawa. Akwai jijiyar jini, wadda jini yake bi. Akwai jijiyar da ta ɗaure tsoka da ƙashi, kamar agara. Akwai kuma jijiyar saƙo, wadda take kai labari daga jiki zuwa ƙwaƙwalwa, ta kuma dawo da umurni. Wannan ta ukun ce muke magana a kanta. A cikin wasu jijiyoyin saƙo, labari yana gudun mita 100 ko fiye a daƙiƙa ɗaya.

Daga gindin ƙwaƙwalwa, laka ta sauko ta cikin ƙashin baya. Ita ce babbar hanyar saƙonni. Jijiyoyi 31 suna fita daga gefenta na dama, 31 daga na hagu. Idan laka ta tsinke a haɗari, sashen jikin da ke ƙasa da wurin raunin yakan daina motsi da ji.

Kowane sashe na ƙwaƙwalwa da aikin da ya fi ƙwarewa a kai:

- Sashen goshi: tunani, shiri, yanke shawara da kame kai. Ba ya gama nuna sai mutum ya kusa shekara 25.
- Sashen ƙeya: gani. Ido yana karɓar haske, amma ƙwaƙwalwa ce take gane abin da aka gani.
- Sassan da ke kusa da kunnuwa: ji, da fahimtar magana, da ajiye abin da aka koya.
- Ƙaramar ƙwaƙwalwa, wadda ke ƙasan ƙeya: daidaita tafiya da motsi.
- Gindin ƙwaƙwalwa: numfashi da bugun zuciya, ko mutum yana barci.

Wani abin mamaki shi ne, ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa shi yake juya ɓarin dama na jiki, na dama kuma yake juya na hagu. A wajen yawancin mutane, wurin magana yana ɓarin hagu. Wani likita ɗan Faransa, Paul Broca, ya nuna haka a birnin Paris a shekarar 1861. Yana da wani mara lafiya mai fahimtar abin da ake faɗa masa, amma ba ya iya furta komi sai gaɓa ɗaya tak. Da mutumin ya rasu, likitan ya duba ƙwaƙwalwarsa, ya sami rauni a gaban ɓarin hagu.

Darasi na 2: cututtukan da ya kamata kowa ya sani

Sanƙarau. Ciwo ne na tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka. Ƙwayoyin cuta ne suke kawo shi, suna bin tari da atishawa. Alamunsa: zazzaɓi mai zafi, ciwon kai mai tsanani, sanƙarewar wuya, amai. A wajen jariri maɗiga takan kumbura. Ƙasarmu tana cikin yankin da wannan ciwo ya fi yawa, wanda ya miƙe daga Senegal zuwa Habasha. Yakan tashi da rani. A annobar 1996 zuwa 1997, mutum fiye da dubu 250 suka kamu a Afirka, wajen dubu 25 suka rasu. A ƙarshen shekarar 2010 aka fara wata sabuwar allurar rigakafi a Burkina Faso da Mali da Nijar, kuma ta karya lagon irin ƙwayar da ta fi yin ɓarna a da. Amma ƙwayar iri-iri ce. A 2015 wani irin ya tashi a Nijar, ya kama mutum fiye da dubu 8, fiye da 500 suka rasu. Sanƙarau yana iya kisa cikin kwana ɗaya. Cikin waɗanda suka warke kuma, wasu sukan kurumce. Don haka ba a kwana da shi a gida.

Farfaɗiya. Tana faruwa ne idan saƙonnin lantarki na ƙwaƙwalwa suka rikice na ɗan lokaci. Wahalar haihuwa, rauni a kai, sanƙarau ko zazzaɓin cizon sauro mai tsanani suna iya haddasa ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum wajen miliyan 50 suke da ita a duniya, kuma 7 cikin 10 za su iya daina faɗuwa idan suka sami maganin da ya dace. Idan mutum ya faɗi: a janye shi daga wuta ko ruwa, a sa masa abu mai taushi a ƙarƙashin kai, kada a danne shi, kada a sa masa cokali ko wani abu a baki, kada a ɗura masa ruwa. Da jijjigar ta tsaya, a kwantar da shi a kan gefensa. Idan ta wuce minti 5, a gaggauta kai shi gidan likita.

Shanyewar ɓarin jiki. Tana zuwa ne idan jijiyar jini ta toshe ko ta fashe a cikin ƙwaƙwalwa. Babban dalilinta hawan jini ne. Alamunta sukan zo farat ɗaya: baki ya karkace, hannu ɗaya ya yi sanyi, magana ta sarƙe. Duk mintin da ya wuce, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suna mutuwa. A tafi asibiti nan take. Rigakafinta: awon jini a kai a kai, rage gishiri, barin taba, da shan maganin hawan jini ba fashi.

Zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa. Ya fi kama yara ƙanana, da damina da kaka. Yaro yakan yi jijjiga ko ya suma. Gidan sauro da saurin zuwa gidan likita su ne kariya.

Haukan kare. Ƙwayar cutar tana shiga ta wurin cizo, ta bi jijiyar saƙo sannu a hankali har ta isa ƙwaƙwalwa. Idan alamu suka bayyana, kusan ba mai tashi. Amma kafin nan ana iya tare ta. A wanke wurin cizon da ruwa da sabulu har minti 15, sannan a tafi neman allura a ranar.

Maganin ƙwari na gona. Da yawa daga cikinsu suna kashe ƙwari ne ta hanyar rikita jijiyoyinsu. Haka suke yi wa mutum idan suka shiga jikinsa ta fata, ko hanci, ko baki. Alamun guba: dalalar yawu, gumi, amai, rawar tsoka, wahalar numfashi. Mai feshi ya rufe jiki da hanci, ya ba iska baya, ya yi wanka bayan ya gama. Kada a zuba ruwan sha ko mai a cikin galan ɗin magani.

Ƙarancin sinadarin iyod. Shi yake kawo maƙoƙo. Idan mai ciki ta rasa shi, ƙwaƙwalwar jaririn ba ta girma yadda ya kamata. Gishiri mai iyod shi ne rigakafi.

Rauni a kai. Mai hawa babur ba tare da hular kwano ba, ƙoƙon kansa kaɗai ke tsakanin ƙwaƙwalwarsa da kwalta.

Matakan shirya gasa

1. A kafa kwamiti. Mutum 5 sun isa: malamai 2, ma'aikacin lafiya 1, wakilin iyaye 1, wakiliyar mata 1. A sanar da shugaban makaranta da maigari tun farko.

2. A tsai da rana. Rani ya fi dacewa, domin an gama aikin gona. A watan Maris na kowace shekara, ƙasashe da yawa sukan keɓe mako guda don wayar da kai a kan ƙwaƙwalwa. A wajenmu wannan wata ya faɗo cikin lokacin sanƙarau. Ke nan darasin zai zo a kan gaɓa.

3. A rubuta takardar darasi. Shafi 4 zuwa 6 sun isa. Ma'aikacin lafiya ya karanta ta, ya gyara, kafin a raba. A ba kowane ɗan gasa tasa, ko a rubuta a allo su kwafa cikin littattafansu. A ba su mako 4 zuwa 6 na shiri.

4. A buɗe ƙofa ga kowa. Kada malami ya zaɓi haziƙai 3 ya bar sauran. Kowane aji ya fara yin ƙaramar gasarsa. Ta haka ko wanda bai kai ƙarshe ba ya karanta darasin. A tabbata ƴan mata sun shiga daidai da samari.

5. A shirya tambayoyi. A rubuta kamar 60: masu sauƙi 20, matsakaita 20, masu wuya 20. A ƙara 10 na ajiya saboda kunnen doki. Kowace tambaya ta kasance gajera, mai amsa ɗaya tak, kuma amsar tana cikin takardar darasi. Mutum 2 kawai za su san tambayoyin, kuma kada a sa wanda ɗansa ko ƙanensa yake cikin gasar. A rufe su cikin ambulan har ranar.

6. A naɗa alƙalai 3. Ɗaya ma'aikacin lafiya ne, shi ke yanke hukunci a kan amsa. A sami kuma mai karanta tambaya da murya mai fita, da mai duba agogo, da mai rubuta maki a allo inda kowa yake gani.

7. A nemi kyaututtuka. Ba sai masu tsada ba: littafin rubutu, alƙalami, sabulu, gidan sauro, fitila mai aiki da hasken rana. Kowane ɗan gasa ya sami takardar shaida, ko bai ci ba.

Ranar gasa

A fara da sanyin safiya, a inuwa, a tanadi ruwan sha. Kafin tambaya ta farko, a karanta dokoki a gaban kowa. Dokar da ba a faɗa ba tun farko, ba a kawo ta a tsakiya.

Zagaye na 1: rubutu. Tambaya 20, kowace maki 1. Mutum 10 da suka fi maki su wuce gaba.

Zagaye na 2: gane sassa. A nemi ƙwaƙwalwar rago ko ta akuya wajen mahauci, daga dabba mai lafiya da aka yanka a ranar. Ta fi tamu ƙanƙanta, amma manyan sassanta suna kama da namu. A ɗora ta a faranti. Alƙali ya nuna wuri da tsinke, ɗan gasa ya rubuta sunan wurin da aikinsa. Wanda ya taɓa ta ya wanke hannu da sabulu. In ba a samu ba, a zana babban hoto a allo, ko a gina siffarta da yumɓu.

Zagaye na 3: gane ciwo. Malami ko wani babba ya yi ɗan wasan kwaikwayo. Misali, ya zo a matsayin uba, ya ce: "Ɗiyata tun jiya jikinta zafi, tana kukan kai, ba ta iya sunkuyar da wuya." Ɗan gasa ya amsa abu 2: wane ciwo ake zato, kuma me za a yi yanzu? A ba amsa ta biyu maki fiye da ta farko, domin ita ce mai ceton rai.

Zagaye na 4: tambayar baka. Mutum 5 na ƙarshe su zauna a gaba, kowa da ɗan allonsa da alli. A karanta tambaya sau 2. A ba su daƙiƙa 30. Kowa ya rubuta amsa, su ɗaga alluna a tare. Wannan ya fi a ce wanda ya riga ɗaga hannu, domin mai kunya ma yana samun rabonsa. Wanda ya faɗi sau 3 ya fita. Wanda ya rage shi ne zakara.

Bayan kowace tambaya, ma'aikacin lafiya ya yi bayanin amsar cikin jimla 2 ko 3. Kada a tsallake wannan. Iyayen da suka zo kallo, a nan suke samun nasu rabo.

Ana iya sa ɗan wasa a tsakani don jama'a su huta. Mutum ya riƙe kara a tsaye, wani ya buɗe yatsu a ƙasansa. A saki karan ba sanarwa, shi kuma ya cafke. Tsawon karan da ya wuce kafin ya kama, shi ke nuna lokacin da saƙo ya ɗauka daga ido zuwa ƙwaƙwalwa, daga ƙwaƙwalwa zuwa hannu.

Misalan tambayoyi

1. Wane sashe na ƙwaƙwalwa ne yake kula da gani? Amsa: sashen ƙeya.
2. Mutum ya shanye a hannun dama. A wane ɓarin ƙwaƙwalwa raunin yake? Amsa: ɓarin hagu.
3. Ana ɗaukar farfaɗiya ta yawu? Amsa: a'a.
4. Minti nawa ake wanke cizon kare? Amsa: minti 15, da ruwa da sabulu.
5. Me sanƙarau yake kamawa? Amsa: tantanin ƙwaƙwalwa da na laka.
6. Wane ciwo ne babban dalilin shanyewar ɓarin jiki? Amsa: hawan jini.
7. Wane sashe ne yake sa mu numfashi muna barci? Amsa: gindin ƙwaƙwalwa.
8. Wane gishiri ya kamata mai ciki ta ci? Amsa: gishiri mai iyod.

Kurakuran da za a kiyaye

Na farko, kada a kawo mara lafiya na gaske a nuna shi ga jama'a, kuma kada a ambaci sunan kowa a misali. Mai kwaikwayo ma kada ya mai da ciwo abin dariya. Wataƙila cikin masu kallo akwai mai wannan ciwo, ko uwarsa. Gasar da aka shirya don cire ƙyama, kada ta zama ita ce mai ƙara ta.

Na biyu, kada a yi wa wanda ya faɗi ihu. Mai gabatarwa ya gode masa, jama'a su tafa masa. Yaron da aka kunyata a bainar jama'a ba ya sake fitowa.

Na uku, kada a cika haddar sunaye. Yaro yana iya haddace sassa 20, amma ya rasa abin yi idan ƙanensa ya faɗi. Rabin tambayoyi su kasance a kan abin da za a aikata.

Na huɗu, kada a bar gardama ta yi tsawo. Idan an yi jayayya a kan amsa, a buɗe takardar darasi. Idan tambayar ce ba ta fita sosai ba, a soke ta, a ɗauko wata daga ajiya.

Na biyar, a faɗa wa zakara da iyayensa a fili cewa cin gasa bai mai da shi likita ba. Aikinsa shi ne ya gane alamar haɗari, ya ce a tafi gidan likita. Ba ya ba da magani, ba ya yin allura.

Manya ma da rabonsu

Wani zai ce wannan harka ta yara ce, mu girma ya kama mu. Ba haka ba ne. A shekarar 2010, wani masani ɗan Faransa, Stanislas Dehaene, da abokan aikinsa sun fitar da sakamakon wani bincike. Sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar manya 63 ƴan ƙasashen Brazil da Fotugal. Wasu ba su iya karatu ba, wasu sun koya tun suna yara, wasu kuma sai da suka girma suka koya. An ga cewa koyon karatu yana sa wani wuri a ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa ya ƙware wajen gane rubutu. An ga wannan canji har a wajen waɗanda suka koya da girma. Ke nan, ku da kuke karanta wannan shafi yau, ƙwaƙwalwarku ta riga ta yi wannan aiki.

Saboda haka cibiyoyin karatun manya su ma suna iya yin tasu gasar. Sai a rage rubutu, a yawaita tambayar baka, a yi ta ƙungiya-ƙungiya, mutum 3 ko 4 suna shawara kafin su amsa. Cibiyar wannan gari tana iya gayyatar ta maƙwabta.

Bayan an raba kyaututtuka, aiki bai ƙare ba. Kwamiti ya zauna ya duba tambayoyin da mutane suka fi faɗuwa. Idan rabin ƴan gasa sun ce ana sa cokali a bakin mai farfaɗiya, to an san darasin da za a maimaita a mako mai zuwa. A ajiye takardun da kyau saboda baɗi.

Muna roƙon malamai su karanta wannan shafi tare da ɗalibansu, su gwada tambayoyin nan 8 a aji. Wanda ya san amsa ya faɗa wa na gida. Duk cibiyar da ta shirya gasa, ta rubuto mana yadda ta kasance da tambayoyin da suka fi ba mutane wuya, domin wasu su amfana.